Ingila a zamanin Sarauniya Biktoriya: da gidan taimako gara gidan kaso

Yau filin namu zai yi doguwar tafiya zuwa Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta hau gadon sarauta a 1837 ta kuma riƙe shi har rasuwarta a 1901. Kada nisan ya ba ku tsoro, domin wani ɗan ƙasar Damagaram ya riga mu zuwa. Shi ne Dorugu, yaron da aka kama bawa, aka ƴanta shi, ya bi baturen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har birnin Landan a 1855. A lokacin babu birni a duniya da ya kai Landan jama'a ko dukiya. Mutanensa ba su fi miliyan 1 da kaɗan ba a 1801, amma kafin 1851 sun haura miliyan 2, kuma a wannan shekara ce aka gina wata fada ta ƙarfe da gilashi aka baje kolin hajojin duniya a cikinta, don kowa ya zo ya ga abin da masana'antun Ingila suka iya.

A shekarar nan ta baje koli wani ɗan jarida, Henry Mayhew, ya buga littafinsa a kan talakawan birnin, bayan ya bi su lungu-lungu yana rubuta abin da suka faɗa masa da bakinsu. Ya ƙiyasta masu tallar kayan miya da kifi da ƴaƴan itace a kan titi sun kai 30,000. Waɗannan ma masu rufin asiri ne. A ƙasansu akwai yara da tsofaffin mata da ke shiga taɓon kogin Tamis idan ruwa ya janye, ba takalmi, suna tsintar gawayi da ƙusa da guntun igiya. Akwai masu yawo da bokiti suna tara kashin kare, su sayar wa majema, don da shi ake tausasa fata a can. A bakin tashar jiragen ruwa ƙarti kan yi cincirindo tun da asuba, a ɗauki wasu aikin yini ɗaya ko na sa'o'i, a sallami saura. Mai irin wannan zaman hannu baka hannu ƙwarya, in ya kwanta ciwo mako biyu, ko sanyi ya tsai da aiki, ko mai gida ya mutu ya bar mace da ƴaƴa biyar, to ina zai nufa?

Ingila tana da amsa a rubuce tun 1601. Dokar wannan shekara ta ɗora wa kowace unguwar coci nauyin talakawanta: a karɓi lanho daga masu gida da gona, a ciyar da gajiyayyu. Unguwannin sun kai wajen 15,000, kowace da yadda take yi. Daga 1795 wasu yankunan kudu suka ɗauki al'adar cika wa lebura ladansa gwargwadon tsadar burodi da yawan iyalinsa. Manoma masu gonaki suka gane cewa in sun rage lada asusun unguwa zai cika, sai suka rage. Kuɗin da ake kashewa ya yi ta hawa har ya kai wajen fam miliyan 7 a shekara, masu biyan lanho suka yi ta kuka, sannan a 1830 leburorin gona suka yi bore a kudancin ƙasar, suna ƙona rumbuna suna farfasa injinan sussuka. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a 1832. Mutum biyu ne suka rubuta mafi yawan rahotonsa: Nassau Senior, masanin tattalin arziki, da Edwin Chadwick, lauya mai son lissafi da tsari, irin ma'aikacin da ba ya gajiya kuma ba a ƙaunarsa. Daga rahoton nan aka fitar da sabuwar dokar talakawa ta 1834.

A nan nake so mu ɗan zauna, domin duk abin da ya biyo baya daga ƙa'ida guda ya fito. Ƙa'idar ita ce: halin wanda ake taimakawa bai kamata ya kai na leburan da ya fi kowa ƙarancin lada daɗi ba. In ya kai, in ji su, kowa zai ajiye aiki ya zo a ciyar da shi. Kuma maimakon a sa ma'aikaci ya binciki kowane mai roƙo ko da gaske yake, sai a bar gini ya yi binciken. A daina kai wa mai lafiya taimako gidansa, a ce masa ga gida nan da ake kira gidan aiki, in yunwar ta gaske ce ya shigo da iyalinsa duka. Wanda ya yarda ya shiga ya tabbatar da talaucinsa, wanda ya ƙi ya nuna bai matsu ba. Aka haɗa unguwanni cikin gundumomi wajen 600, kowace da gidan aikinta da majalisar wakilai waɗanda masu biyan lanho ke zaɓa, a samansu kuma kwamishinoni uku a Landan.

A takarda abin ya yi kyau. To amma Chadwick da kansa ya kawo wani lissafi da ke nuna inda gizo ke saƙa. Ya auna abincin mako na mutane iri-iri, ya ga ɓarawon da aka yanke wa hukunci ya fi wanda ake taimakawa ci, wanda ake taimakawa kuma ya fi leburan gona mai neman na kansa. Shi abin da ya gani ke nan: tsani ya juye, sai a miƙe shi. Sai dai wanda ke matakin sama a sabon tsanin, wato leburan, shi ma da yunwa yake kwana. Yaya za a sa mutum ƙasa da mai jin yunwa ba tare da an kashe shi ba? Yaya kuma za a sa fursuna ƙasa da wannan? Da yake ba a iya rage tuwo fiye da wani ƙadari, sai aka koma rage abin da ba a aunawa a sikeli, wato mutunci.

Ga yadda ake yi. Iyali sun iso ƙofa, likita ya duba su, a yi musu wanka, a karɓe tufafinsu a ba su na gidan. Daga nan a rarraba su aji bakwai: tsofaffi da gajiyayyun maza, maza masu ƙarfi, yara maza, haka nan mata kashi uku, sai ƙananan yara ƴan ƙasa da shekara 7. Kowane aji da ɗakinsa da filinsa, da katanga a tsakani. Miji da matar da suka shekara arba'in tare sai su rabu a bakin ƙofa, kuma sai a 1847 doka ta yarda ma'auratan da suka wuce shekara 60 su nemi ɗaki guda. Ƙararrawa ke tada mutum, ita ke kwantar da shi. Abinci burodi ne da kunu tsararo da ɗan cuku, nama kuwa jefi-jefi cikin mako, kome a kan awo. Aiki shi ne fasa dutse don shimfiɗa hanya, ko warware tsohuwar igiyar jirgin ruwa mai kwalta da yatsu har su yi jini, a sayar da zaren don toshe kafofin jirage. A doka gidan ba kaso ba ne: mutum na iya ba da sanarwar sa'o'i uku ya fita. Amma in zai fita sai da iyalinsa duka, ya koma cikin abin da ya koro shi. Talakawa suka laƙaba wa gidajen sunan Bastil, kurkukun nan na Faris da aka rushe a 1789.

Akwai kuma wata doka ta 1832 da ta fi katangar ba su tsoro. Kafin ita, gawar wanda aka rataye saboda kisan kai ce doka ke miƙa wa likitoci su feɗe don koyar da ɗalibai, kuma wannan ƙarin horo ne a kan ratayewa. Dokar 1832 ta ba da damar a miƙa gawar duk wanda ya mutu a gidan aiki ko asibiti ba wanda ya zo ɗauka. Abin da jiya yake sakamakon mai kisa, yau ya zama makomar wanda danginsa ba su da kuɗin likkafani. Shi ya sa matalautan Ingila kan hana cikinsu su biya kwabo-kwabo duk mako a asusun jana'iza.

A 1845 asiri ya tonu a wani gari da ake kira Andover. Aikin gidan can shi ne daka ƙasusuwan dawaki da shanu da karnuka don yin taki. Sai aka ji cewa mazajen da ke dakan suna faɗa a kan ƙasusuwan, suna gwaguyar ruɓaɓɓen naman da ya maƙale, suna tsotsar ɓargo. Shugaban gidan, Colin McDougal, tsohon soja ne da ya yi yaƙin Waterloo, mashayi, mai tauye awon abinci, mai cin zarafin matan da ke ƙarƙashinsa. Wani ɗan majalisa kuma likita, Thomas Wakley, ya tada maganar a majalisar dokoki. Kwamishinonin Landan suka tura mataimakinsu Henry Parker bincike, da abin ya yi zafi sai suka sa shi ya ajiye aiki; ma'aikata masu karanta wannan shafi ba sa bukatar a fassara musu wannan. Majalisa ta kafa nata kwamitin a 1846, aka hana dakan ƙashi, a 1847 kuma aka rushe hukumar kwamishinonin aka kafa wata wadda shugabanta ke amsa tambaya a majalisa. Akan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. A Andover bafaden mugu ne, ba shakka, amma sarkin ne ya rubuta cewa gidan ya zama abin gudu, kuma shi ya ga tsohon saje ya dace da riƙon marayu.

Gaskiya ɗaya ce, ba kowane gida ne Andover ba. A wasu, yaro ya sami karatu da likita da takalmi waɗanda ba zai samu a waje ba. Stanley, wanda daga baya ya ratsa Kwango yana yi wa sarkin Beljiyam aiki, a gidan aiki na ƙasar Wales ya tashi, kuma can ya koyi rubutu. Sharlo mai ban dariya na silima ya shiga irin wannan gida a kudancin Landan a 1896 yana ɗan shekara 7, aka raba shi da mahaifiyarsa. Kuma dokar ba ta taɓa aiki yadda aka rubuta ta ba. A garuruwan masaƙu na arewa, inda kasuwa kan faɗi a sallami dubban ma'aikata a mako guda, ba ginin da zai ɗauke su, jama'a kuma suka yi bore a Bradford da Huddersfield a 1837. Wakilan gundumomi, waɗanda yawancinsu manoma ne da masu kanti, sun san lissafi: ba gwauruwa sule biyu ko uku a mako ta zauna ɗakinta ya fi araha bisa ciyar da ita da ƴaƴanta a gidan aiki. Saboda haka galibin masu karɓar taimako a waje suka ci gaba da karɓa har ƙarshen ƙarnin. Su wa suka cika gidajen ke nan? Tsofaffi, marasa lafiya, masu taɓin hankali, marayu, da matan da suka haihu ba aure. An ɗana tarko don ƙato mai ƙyuya, sai ya kama waɗanda ko an sake su ba su iya aiki.

Mu juya ga kaso, wanda shi ne matakin ƙasa na tsanin. A farkon ƙarnin laifuffukan da ake ratayewa a kansu sun haura 200, amma kafin 1861 sun koma huɗu. Jigilar masu laifi zuwa Ostareliya, wadda ta kwashe mutum wajen 160,000 tun daga 1788, ita ma ta yi ta raguwa har ta tsaya a 1868, shekarar da aka daina rataya a bainar jama'a. Dole ke nan a ajiye masu laifi a gida. A 1842 aka buɗe kason Pentonville a Landan, mai ɗaki 520, kowane wajen metir 4 a tsawo da 2 a faɗi, mutum ɗaya a ɗaki. Tunanin masu shi na addini ne: a kaɗaita mai laifi da Littafi da lamirinsa har ya tuba. Ba magana. In za a fita da shi shan iska sai a rufe masa fuska da hula mai kafar ido, a coci ma kowa da akwatinsa don kada ya ga maƙwabcinsa, kuma da lamba ake kiransa. Da farko wata 18 ake yi a haka. Da masu zaucewa suka yi yawa sai aka rage zuwa 12, daga baya 9.

Sai dai ɗakin Pentonville yana da ruwan famfo da makewayi da ɗumi lokacin sanyi, abubuwan da leburan kirki bai taɓa gani a ɗakin hayarsa ba. Masu biyan lanho suka ce wannan ai lada ne ake ba ɓarawo. Tsohuwar ƙa'idar ta dawo, dokar kaso ta 1865 ta tsaya a kan abu uku: aiki mai tsanani, abinci maras daɗi, gadon katako. Aikin kuwa an zaɓe shi ne don rashin amfaninsa. Akwai wani dogon gangan katako mai matakala a jikinsa, wanda injiniya William Cubitt ya ƙera a 1818. Fursunoni su jeru su riƙe sanda, su yi ta taka matakalar tana zamewa ƙarƙashinsu, hawa ba isowa. A wasu wurare yana niƙa hatsi ko jawo ruwa, a wurare da yawa ba ya juya kome, har su da kansu suna ce masa niƙan iska. Awon da aka tsayar daga baya shi ne hawan metir 2,600 da ɗoriya cikin sa'o'i 6. Ƙololuwar dutsen Bagzan a Ayar metir 2,022 ce daga bakin teku. Ga kuma wani akwatin ƙarfe mai mariƙi da ake kafawa a ɗakin fursuna, ya yi ta juyawa, agogo na ƙirga masa, mai gadi kuma na iya ɗaure noti ya ƙara masa nauyi.

A kason Birmingam ƙa'idar juyi 10,000 ce a yini: 2,000 kafin karin kumallo, 4,000 kafin na rana, 4,000 kafin na dare. Wanda bai cika ba a hana shi abinci, a sa masa rigar ɗauri da ƙwalar fata mai tauri, a ɗaure shi tsaye jikin bango, in ya suma a watsa masa ruwa. A watan Afrilu na 1853 wani yaro ɗan shekara 15, Edward Andrews, wanda aka ɗaure saboda satar naman da bai kai kilo 2 ba, ya rataye kansa a ɗakinsa. Mutanen gari suka tashi, aka kafa kwamitin bincike, aka gurfanar da shugaban kason, William Austin, tsohon hafsan sojan ruwa. Ɗaurin wata uku aka yi masa.

Duk da wannan, alƙalan lokacin sun sha ganin wani abu mai ɗaure kai: mazaunin gidan aiki ya fasa taga ko ya yayyage rigar gidan da gangan, don a aika shi kaso, inda yake ganin awon abinci ya fi, kuma zaman yana da ranar ƙarewa. Igiyar da ake warwarewa a can ita ake warwarewa a nan, dutsen ɗaya ne, ƙararrawar ɗaya ce. Dokar yawon banza ta 1824 ta riga ta mai da bara da kwana a titi laifi, saboda haka mutum guda kan yi ta zagaye tsakanin gidajen biyu, gaba damisa baya siyaki. Ga ƴan kasuwa ma akwai nasu kason, na bashi. Mahaifin marubucin nan Charles Dickens ya shiga na Marshalsea a 1824 a kan bashin fam 40 da mai gidan burodi ke binsa, aka tura yaron, yana ɗan shekara 12, aikin manna takarda a kwalaben man takalmi. Shi ne ya girma ya rubuta Oliver Twist, labarin maraya ɗan gidan aiki. Sai a 1869 aka soke ɗaurin bashi, in ban da wanda yake da hali ya ƙi biya.

Abin lura, waɗanda suka rushe hujjar dokar 1834 ba malaman coci ba ne, ba kuma ƴan tawaye ba. Attajirai ne biyu da suka yi wa talauci irin ƙididdigar da suke yi wa haja. Charles Booth, ɗan Liverpool mai fataucin fata da jiragen ruwa, ya fara bincikensa a 1886 da kuɗin aljihunsa, titi-titi, har ya cika littafi 17. Ya sami wajen kashi 30 cikin 100 na mutanen Landan cikin talauci, kuma sanadin yawanci rashin aiki tsayayye ne da ƙarancin lada da ciwo da yawan iyali. Giya da ƙyuya kaɗan suka ɗauka. Aka ce ai Landan daban ce. Sai Seebohm Rowntree, ɗan gidan masu masana'antar cakulan, ya bi gidajen ma'aikata na garin York a 1899, ya sami kusan kashi 28. A cikin waɗanda kuɗin shigarsu bai kai na ci da sutura da haya ba, wajen rabi mai gidan yana aiki kullum, ladan ne bai isa ba. Shekara 65 ke nan ana auna mai roƙo da leburan nan, sai yanzu wani ya tsaya ya auna leburan.

Kaso ya riga gidan aiki sauyawa. Kwamitin Herbert Gladstone na 1895 ya ce aikin banza ba ya gyara kowa, kuma mutane na fitowa sun fi yadda suka shiga lalacewa. A 1897 marubuci Oscar Wilde, da fitowarsa daga ɗaurin shekara 2, ya aika wa jaridar Daily Chronicle wasiƙa a kan wani mai gadi na kason Reading, Martin, wanda aka kora daga aiki. Laifinsa shi ne ya ga wani ƙaramin yaro fursuna yana kukan yunwa, ya kasa cin burodin kaso, ya ba shi biskit. A ƙa'ida hukumar ba ta yi kuskure ba, domin ba a yarda mai gadi ya ƙara wa fursuna ko loma ɗaya bisa awo ba. Dokar 1898 ta biyo baya, gangan hawa ya daina juyawa a 1902.

Gidan aiki kuwa ya daɗe. A watan Janairu na 1909 aka fara biyan tsofaffi ƴan shekara 70 fansho na sule 5 a mako, a gidan waya, ba sai sun shiga gidan kowa ba. Amma da farko an cire wanda ya karɓi taimakon gunduma, da wanda ya yi kaso cikin shekaru 10 da suka wuce, da wanda aka ce ya saba ƙin aiki. An rushe majalisun wakilai a 1930, dokar talakawa kanta sai a 1948 aka soke ta. Gine-ginen da yawa sun koma asibitoci, an sake musu fenti da suna, amma tsofaffin unguwa sun daɗe suna roƙon ƴaƴansu kada a kai su can. Hukuma ma ta san nauyin sunan. Tun 1904 aka umarci masu rajistar haihuwa su daina rubuta gidan aiki a takardar jaririn da aka haifa ciki, su sa lambar gida da sunan titi kawai, kamar na kowa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.